Ajiye wake ba tare da guba ba

Jama'ar Minawao, wake ya shigo gida, kuma mun ga wasu na barbaɗa masa maganin ƙwari kafin su ɗaure. Don Allah a bari, yaranmu ne za su ci.

Tun ƙarshen shekarun 1980 masu binciken noma a Marwa, tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, suka gwada buhu mai ninki uku, wanda yanzu ake kira PICS: leda biyu ciki, buhu waje. Ƙwarin da ke cikin waken su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu.

Amma fa sai waken ya bushe ƙayau, ledar kuma babu huji. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a riƙa buɗewa. A ɗora buhun kan katako, nesa da ɓera.