Taswirar Mutum-mutumi: Riba da Tsadar Komawa Akwatuna

A 1985 Hans Moravec da Alberto Elfes na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka ɓullo da wata dabara: a yanka filin da mutum-mutumi zai bi gida-gida kamar gurbin dara, a riƙa ƙiyasta ko kowane gida da abu a ciki. Taswirar ta daɗe a shimfiɗe, tsawo da faɗi kawai. Yanzu hankali ya karkata ga mai haɗawa da bisa, wadda ake sare sarari zuwa ƙananan akwatuna.

Abu biyu suka jawo haka. Na farko, mutum-mutumi ya bar daɓe. Jirgi maras matuƙi da hannun ƙarfe mai ɗaukar kaya a sito sai sun san abin da ke samansu, alhali shimfiɗaɗɗiyar taswira ƙafafun tebur take gani, ba ruwanta da fuskarsa. Na biyu, araha. A 2007 na'urar lidar, mai auna nisa da hasken laser, ta kamfanin Velodyne tana kai dala 75,000. A 2010 Microsoft ya fitar da Kinect mai auna nisa a kan dala 150, masu bincike suka yi masa rubdugu.

Sai dai akwatunan na cin ma'adanar kwamfuta. Gini mai tsawon mita 100, faɗin mita 100, bisa mita 10, in aka yanka shi santimita biyar-biyar, akwati miliyan 800 ke nan. A rage girman akwatin da rabi, adadin ya ninka sau takwas. Manhajar OctoMap, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Freiburg ta Jamus, ta rage wannan nauyi: inda fili yake wayam akwati ɗaya babba ya isa, sai wajen bango ko kujera ake rarraba shi takwas-takwas.

Babbar ribar ita ce taswirar na bambanta wurin da babu komai da wurin da ba a taɓa leƙawa ba, don haka mutum-mutumi ya san inda zai nufa idan yana binciken kogo ko rusasshen gini. Asarar kuwa, siririyar waya kan ɓace a babban akwati, gilashi kan yaudari lidar, mai wucewa kuma kan bar sawu kamar bango har sai an sake dubawa.

Saboda haka girman akwati ba lissafin ajiya ba ne kaɗai. Injiniyan da ya zaɓe shi ya yanke hukunci kan abin da mutum-mutuminsa zai iya yin karo da shi.