Gidan Rumfa a Matsayin Babbar Kotun Ƙasar Kano

Kafin a san kotun tarayya, babbar kotun ƙasar Kano tana cikin Gidan Rumfa ne, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina. Mutumin Ƙaraye ko Rogo da bai gamsu da hukuncin alƙalin gundumarsa ba yakan ɗaukaka ƙara zuwa birni, daga gaban babban alƙali har majalisar sarki, inda ake yanke manyan shari'o'i irin na kisan kai da rikicin ƙasa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, sai dai hukuncin kisa ya koma jiran amincewar Gwamna.

Sorayen fadar, inda ake zaman shari'a, da tubali aka gina su, aka yi wa bangon kauri, aka shafe bayansa da makuba don kada ruwan sama ya ci shi. Gwanintar magina ta fi bayyana a rufi. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi faɗi. Sai magina suka riƙa jera ta hawa-hawa daga bango, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya, sarki yana ganin kowa, kowa yana jin maganarsa. Kaurin bangon kuwa yana riƙe sanyi ko a tsakiyar bazara.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna. A 1973 aka kafa kotun harajin tarayya, wadda ta koma Babbar Kotun Tarayya a 1979, reshenta na Kano yana Gyaɗi-Gyaɗi. Nan aka kai ƙara kan dokar masarautun Kano ta 2024, shekarar da masarautar Ƙaraye ta koma mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta.