Ko Kun Sani? A Sama Ma Ba A Magana Barkatai

Jirgin da ke ratsa samaniyar Dumega da Dogon Dutsi yana cikin yankin da ake kula da shi daga Yamai, ƙarƙashin hukumar ASECNA da aka kafa a 1959. Rediyon matuƙinsa na aiki ne tsakanin megahaz 118 da 137, kuma kowace mita a wannan tsakanin tana da aikinta: 121.5 ta neman agaji ce, 123.45 kuwa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta keɓe ta domin matuƙa su yi magana da juna a wuraren da muryar tashar ƙasa ba ta kaiwa. Saboda haka matuƙin ƙaramin jirgi da ya ji wata mita shiru ya mayar da ita dandalin hira da abokansa, gonar wani ya shiga.

Wani zai ce ai ba kowa a kanta, wa aka cuta? Amsar tana cikin yadda rediyon yake: idan biyu suka yi magana lokaci guda, ƙara kawai mai saurare zai ji, kuma daga sama murya na kaiwa ɗaruruwan kilomita. Irin wannan karon muryoyi na cikin dalilan hatsarin jiragen sama na Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka rasu. Gaskiya ne matuƙi a kan hamada yana bukatar ɗan'uwansa, amma an riga an ware masa hanya. Wajibi ne ya tsaya a kanta, ya taƙaita zance.