Yaron kanti da haƙƙinsa na yajin aiki

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, Agye da Gazawa, zai ga kantuna jere, cike da shinkafa, sukari, sabulu da atamfa. A cikinsu akwai samari masu awo, masu ɗauko kaya, masu tsaro tun hantsi har bayan isha'i. Su ne ake kira yaran kanti. Yawancinsu ba su da takardar ɗaukar aiki. Abin da ke tsakaninsu da ubangida amana ce da alkawarin baki. In ɗaya ya ajiye aiki don neman ƙarin kuɗi, kafin gari ya waye an kawo wani daga ƙauye ya maye gurbinsa.

Wannan matsala ba ta yau ba ce. A watan Janairu na 1946, ma'aikatan kantuna da bankuna na Dakar suna cikin waɗanda suka shiga babban yajin aikin da ya tsayar da birnin. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma suka yi nasu, hukumar jirgin kuwa ta ɗauki waɗansu don su riƙe aikin. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata suka sake ajiye aiki ko'ina, kuma ranar 15 ga Disamba Faransa ta fitar da dokar aiki ta ƙasashen da take mallaka, wadda ta tsayar da awa 40 a mako. A nan Nijar, a 1953, ƙungiyoyin ƙwadago ƙarƙashin Djibo Bakary suka yi yaji don a zartar da ita. A lokacin, manyan kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA ne ke riƙe da cinikin gyaɗa a Maraɗi.

Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta amince da yarjejeniya ta 87 da ta 98 na Hukumar Ƙwadago ta Duniya, a 1961 da 1962. Hukumar ta bayyana cewa ɗaukar sababbin mutane don karya halattaccen yaji, a aikin da tsayawarsa ba ta barazana ga rai ko lafiyar jama'a, tauye ƴancin ƙungiya ne. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta tabbatar da haƙƙin yaji, bisa sharaɗin a ba da sanarwa tukuna. A wannan shekarar ce kuma aka tsayar da mafi ƙanƙantar albashi a kan sefa 30.047 a wata.

To, amma doka ba ta iya kāre wanda ba ta san da zamansa ba. Al'adar ubangida da bara tana da alherinta: ubangida kan ciyar, ya aurar, wani lokaci ya sallami yaronsa da jari. Sai dai in rigima ta tashi, baki ba ya zama shaida.

Saboda haka ya kamata alhazai masu kantuna su rubuta yarjejeniya da yaransu, su sa sunayensu a asusun CNSS. Yaran kuma su haɗa kai, su kai kukansu ga sufetan aiki na Maraɗi kafin su ajiye aiki. Takarda ba ta ɓata amana. Ita ce ke tsare ta ranar da zukata suka ɓaci.