Gidan Talabijin Na Ƙasa: Na Wane Ne?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan gidan talabijin na ƙasa, watau NTA, wanda mutane ke ta gunaguni wai ba ya ganin laifin mai mulki.

Kafin a yanke wa abu hukunci, ya kamata a san asalinsa. Cikin 1953, sa'ad da rigimar neman mulkin kai ta tashi a Majalisar Ikko, wakilan jam'iyyar Action Group suka fice. Gwamna Macpherson ya shiga rediyon gwamnati ya zarge su. Cif Awolowo ya nemi a bar shi ya mai da jawabi, aka hana. Da tsarin mulkin 1954 ya yarje wa jihohi su kafa gidajen watsa labari na kansu, sai gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta yi shiri, ta buɗe WNTV a Badun ran 31 ga Oktoba 1959. To, jama'a, ku lura, hana mutum ya kare kansa shi ya haifi talabijin na farko a ƙasar nan.

Gabas ta bi sahu a 1960. Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe nata a Ikko cikin wannan shekara. Ba na cewa waɗannan gidaje adalai ne. Kowanne gangar ubangidansa yake kaɗawa. Amma dai gangunan suna da yawa, wanda aka zaga a wannan gida ya san inda zai je ya rama.

A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa doka mai lamba 24, ta tattara gidajen duka, har da na Jos wanda ya fara nuna hoto mai launi, ta sa su ƙarƙashin hukuma guda. Hujjar kuwa haɗa kan ƙasa ce bayan yaƙin basasa, kuma ba hujjar banza ba ce. Wanda ya ga yadda gida ke cika da yaran unguwa in za a nuna Samanja, ya san wannan hukuma ta yi aiki. Har yau akwai garuruwan da ba su da wata tasha kusa sai tata.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Shugaban ƙasa ke naɗa babban daraktan gidan, albashin ma'aikata kuma daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Shi ya sa da aka koma mulkin farar hula a 1979, gwamnonin da ba 'yan NPN ba suka ga ba su da murya. Jakande ya kafa nasa a Ikko, Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, aka koma gidan jiya. Ko da aka yarda wa masu zaman kansu su buɗe tashoshi a 1992, halin gidan bai sake ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. A zaɓen 2015 NTA ta nuna wani fim na sukar Janar Buhari, lokacin yana ɗan hamayya, kuma masu sa ido na Tarayyar Turai suka ce ta karkata ga PDP mai mulki. Da zaɓen 2019 ya zo, Buhari na kan gado, masu sa idon nan suka ce kafofin Gwamnatin Tarayya sun karkata gare shi. Gida ɗaya ne, labaran ƙarfe tara na dare su ne dai, mai kujera kaɗai aka sake. Ashe gidan ba shi da jam'iyya. Waɗanda suka yi kuka jiya kuwa, da suka sami wuƙa da nama ba su gyara kome ba.

Ni ban ga laifin ƙaramin ma'aikaci ba. Mu akawuna mun san yadda takarda ke saukowa daga sama, ba a tambaye ka ra'ayinka ba. Kuɗin da ake gudanar da gidan dai na jama'a ne duka, da wanda ya zaɓi mai mulki da wanda ya ƙi shi.

Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a ba jam'iyyu lokaci daidai wa daida a kafofin gwamnati. Shawarata biyu ce. Kada a naɗa babban darakta ko a tuɓe shi sai da yardar Majalisar Dattawa. Sa'an nan lokacin neman ƙuri'a, kowane mako a riƙa buga lissafin minti nawa aka ba kowace jam'iyya, a manna a jaridu kowa ya gani. Wannan aikin akawu ɗaya ne da agogo da littafi.

Ina so malaman da suka fi ni sanin sha'anin doka su faɗa mana a wannan fili ko Majalisa na da ikon tilasta haka.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.