Matar da ta rufe yara biyar da jikinta

Idan ana lissafin waɗanda kwal ya ci, maza ake ƙirgawa, waɗanda rami ya rufta da su. A Aberfan, ƙauyen masu haƙar kwal a kudancin Wales ta ƙasar Birtaniya, ajali har cikin aji ya bi yara.

Shekara da shekaru Hukumar Kwal ta Ƙasa tana jibge tarkacen mahaƙa a kan tudun da ke saman ƙauyen, kuma a kan idanun ruwa. Mutanen gari sun yi ta kai kuka, ba a kula ba. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 1966, bayan an daɗe ana tafka ruwan sama, wajen ƙarfe tara da kwata na safe, tsibin tarkacen ya zaftare. Baƙar laka ta gangaro ta binne makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. A ranar za a ba da hutu. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne.

Nansi Williams ba ta taɓa haƙar kwal ba. Aikinta kula da abincin ɗalibai, kuma tana cikin karɓar kuɗin abincin ne lakar ta faso bango. Sai ta faɗa kan yara biyar da ke gabanta, ta lulluɓe su da jikinta. Nan take ta cika. Da masu ceto suka iso, a ƙarƙashin gawarta suka zaro yaran, duka biyar da ransu. Shugabar makarantar, Ann Jennings, ita ma tana cikin malamai biyar da suka rasu.

Iyaye mata suka yi ta tonon laka da hannu, mazansu suka fito daga rami suka kama shebur. Bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba a ƙara fitar da kowa da rai ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Kwamitin bincike ya ɗora wa Hukumar laifi ƙarara, amma ba wanda aka kora, balle a gurfanar. Ƙari a kan haka, aka yanki fam 150,000 daga gudunmawar da jama'a suka tara wa masu makoki, don kwashe sauran tsibin. Sai a 1997 gwamnati ta mayar da kuɗin, ba tare da ƙarin ko kwabo ba.