Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne

Kowa na shiga baƙin ciki idan ya yi rashi ko jarinsa ya karye, amma yakan wuce. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi. Likitoci kan fara zarginsa idan mutum ya kai mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita a ransa, barci da cin abinci suka rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani. Wani ma da ciwon kai ko kasala yake zuwa asibiti. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280, kuma ya fi kama mata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tarbar mai ciwon. Mai jego ta kasa walwala, sai a ce shagwaɓa ce ko aljanu. Magidanci ya yi shiru, sai a ce ya rasa tawakkali. Tsoron a kira shi mahaukaci, ko a fasa auren 'yarsa, kan sa ya ɓoye har abin ya kai ga tunanin kashe kai. Addu'a ba ta hana neman magani, kamar yadda mai hawan jini ke salla yana shan ƙwayoyinsa.

Ana warkewa, ta hanyar zama da ƙwararre ko magani, wanda kan ɗauki makonni kafin a ji tasirinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri, kuma likitan asibitin unguwa ma zai iya duba mutum ya tura shi gaba.